Hidimar da ba ta da ganga: abin da Damargu ke jira

Kowa ya san cewa mabiya addinin Almasihu a ƙasarmu Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma a Damargu, daga Tanut har zuwa Belbeji, ƙarancinsu ya fi haka. Amma duk da wannan ƙaranci, talakan karkara ya daɗe da sanin sunayen Galmi da Danja, ko da bai taɓa sa ƙafa cikin majami'a ba.

Dalili kuwa a fili yake. Mishan ɗin SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, sa'an nan ya kafa gidan jinyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi, a 1956. A wancan zamani kuturu abin gudu ne, ƙwaryar shansa ma daban ake ajiye ta. Waɗanda suka durƙusa suna wanke masa miki kowace safiya, suna ɗaure shi da ƙyalle mai tsabta, sun ce koyi suke yi da Annabi Isa, wanda Linjila ta ba da labarin ya wanke ƙafafun almajiransa da hannunsa. Mu a ganinmu, wannan wanki ya fi wa'azin shekara shiga zuciyar mutane.

Haka nan aikin Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da mishan ɗin ya aiko Maraɗi. A 1983 ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa a gona suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar reshe biyu ko uku aka sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Yunwar 1984 ta sa dabarar ta bazu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ga shi kuwa kayan aikin bai wuce wuƙa da haƙuri ba.

To, sai dai akwai masu cewa duk wannan alheri tarko ne, a ba mutum magani don a saye imaninsa. Ba za mu share wannan magana ba, domin duk mai taimakon da ya sa wa mayunwaci sharaɗi kafin ya miƙa masa tiyar hatsi ya ci amanar addinin da yake ikirari. Amma sheda tana nan: shekaru fiye da 70 Musulmi na kwanciya a Galmi, suna warkewa, suna komawa gida da sallarsu. Wannan ne ya sa abin da ya faru ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, inda aka ƙona majami'u har aka rasa rayuka, ya zama abin kunya ga ƙasa baki ɗaya.

Damargu kuwa, wadda a da ake kira rumbun gero, ta sha wuya a farin 1973, da na 1984, da ƙarancin abinci na 2005. Ba da Belbeji matsayin gunduma a 2011 bai rage zurfin rijiya ko nisan gidan likita ba. Abin da ƙauyukan kwarin Tarka ke bukata shi ne mai ɗaukar mace mai naƙuda a amalanke cikin dare, da mai barin makiyayi ya shayar da bisashensa kafin a yi cacar baki, da malamin lakwal da zai zauna a ƙauye har ƙarshen shekara.

Saboda haka muna kira ga ikilisiyoyin Damagaram da ƙungiyar Karitas su ƙara dubawa arewa, kan hanyar Agadas. Muna kuma roƙon sarakuna da limaman Tanut da Belbeji su tarbi duk wanda ya zo da irin wannan niyya, su zauna da shi tun ranar farko, a faɗa wa juna abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba.