Sai Bango Ya Tsage: Ladabi Da Tsaro A Manhajojin Gayya

Mai karatu, wayar Android da ke hannunka tana aiki ne a kan ginshiƙin Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki. Irin waɗannan manhajoji a buɗe suke, kowa na iya duba rubutunsu, ya aiko da gyara ko ƙari. Sai dai akwai masu kula, waɗanda ke tantance abin da aka aiko, su karɓa ko su mayar. Aikin gayya ne, kuma da yawa daga cikin masu kula da ƙananan manhajoji ba a biyansu ko sisin kwabo.

Wasu ma'abota wannan fanni na ganin ingancin aiki kaɗai ne abin dubawa, ladabi kuwa ado ne kawai. A ganina sun yi kuskure, kuma abubuwa biyu da suka faru sun isa hujja.

Na farko, shi kansa Torvalds ya shahara da kaifin harshe ga duk wanda ya aiko masa da aikin da bai gamsar da shi ba, har wasu ƙwararru suka yi sallama da aikin. Masu kare shi suna cewa wannan zafin ne ya hana gurɓataccen aiki shiga Linux. Babu shakka, mayar da aiki marar kyau wajibi ne a kan mai kula. Amma nuna wa mutum kuskurensa daban, ci masa mutunci daban. A watan Satumba na 2018 Torvalds ya nemi gafara a bainar jama'a, ya janye na kusan wata guda, aka kuma kafa ƙa'idojin ɗa'a ga masu aikin. Har yau ana mayar da aiki marar inganci, Linux kuwa bai rushe ba.

Na biyu ya fi tayar da hankali, domin a nan mai kula ne aka gallaza wa. XZ Utils wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, wadda ke cikin ɗimbin kwamfutocin da ke ɗauke da intanet. Shekara da shekaru mutum guda, Lasse Collin, ke ɗawainiya da ita kyauta. A 2022 wasu da ba a san su ba suka dame shi da saƙonnin gori, suna cewa ya gaza, ya ba wani wuri. Ya bayyana musu cewa ba shi da cikakkiyar lafiya, amma ba su sassauta ba. A ƙarshe ya ƙara wa wani mai kiran kansa Jia Tan iko, wanda tun 2021 yake taimakawa cikin ladabi. Ashe kura ce da fatar akuya. A 2024 ya dasa ɓarauniyar hanyar kutse a cikin manhajar. Ba don wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura da jinkirin kimanin rabin daƙiƙa ya bi diddigi ba, har ya fallasa lamarin ranar 29 ga Maris, da ɓarnar ta game duniya.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin lura shi ne, gorin da aka yi wa Collin bai ba kowa mamaki ba, domin an saba ganin irinsa. Inda wulaƙanci ya zama ruwan dare, mugu ba ya shan wahalar sajewa da jama'a. Haka kuma ladabin Jia Tan bai isa ya maye gurbin bincike ba.

Saboda haka, mai kula ya mayar da aiki tare da bayyana dalili, ba tare da zagi ba. Mai aiko da gyara ya tuna cewa ba ya bin kowa bashi. Kamfanonin da ke cin moriyar wannan gayya su ɗauki nauyin masu yin ta, kada a bar mutum guda da kayan mutum goma. Matasanmu da ke shiga wannan fage su riƙe duka biyun, tsanani wajen duba aiki da sassauci wajen magana da mai aikin.

Allah Ya sa mu dace.