Ra'ayi: Kafin a miƙa wa ɗan shekara 4 fim ɗin zaki a Ɗan Issa

Ɗan Issa gari ne na kan iyaka a gundumar Madarunfa. Motar da ta taso daga Maraɗi za ta Jibiya ko Katsina ta nan take ratsawa, kuma kamar yadda buhunan kaya ke ƙetare iyakar, haka finafinai ke ƙetarewa a cikin memori: na Kannywood, na Indiya masu fassarar Hausa, da katun na yara. Wasu a shagon cajin waya ake tura musu, wasu kuma ɗan'uwa ne da ke ci-rani a Legas ko Aljeriya yake aiko da waya an riga an cika ta. A cikin katun ɗin dabbobi da suka yi suna a duniya, kaɗan ne suka kai The Lion King, labarin Simba ɗan zaki. Tambayar ita ce, shin ya dace a kunna wa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5, wanda ko ajin farko na firamare bai shiga ba?

Amsar ita ce bai dace ba, musamman idan za a bar yaron shi kaɗai da waya. Fim ne mai kyau, amma kyansa na yaron da ya kai shekara 7 ne zuwa sama.

Kamfanin Disney na Amurka ne ya fitar da shi a 1994, tsawonsa minti 88. A 2019 aka sake yin sa da zanen kwamfuta, dabbobin suka fito kamar na gaske, tsawonsa ya kai minti 118. A Amurka an sanya wa na farkon alamar G, wato kowa zai iya kallo, na biyun kuma alamar PG, wato sai iyaye sun sa ido. A jikin kwali da allon talla ake rubuta waɗannan alamomi. Fim ɗin da aka turo ta Xender ko Bluetooth ba ya zuwa da kwali. Uwar da aka miƙa wa wayar ba ta ganin komai sai zanen dabbobi masu magana da waƙa, sai ta ɗauka ai na yara ne.

Ga abin da ke ciki. Kafin a kai rabin fim ɗin, Scar ya shirya wa wansa Mufasa makirci, ya sako shi daga kan dutse zuwa cikin garken namun daji da ke gudu. Simba ya tarar da gawar ubansa, yana tura ta yana roƙon ya tashi. Sai ƙanen uban ya zo ya nuna masa shi ne sanadi, ya ce ya gudu kada ya dawo, sannan ya tura kuraye su kashe shi. Ɗan shekara 9 zai riƙe zaren labarin har ya ga Simba ya girma ya karɓi sarauta, hankalinsa ya kwanta. Ɗan shekara 4 ba ya iya haɗa abin da ya faru a minti na 35 da wanda zai faru a minti na 80. Abin da yake tashi da shi kawai shi ne uba ya kwanta bai tashi ba, kuma an ce laifin ɗan ne.

Wannan ba a fim ɗin zaki kaɗai yake ba. A Bambi na 1942 maharbi ne ya kashe uwar. A Finding Nemo na 2003 tun a farkon fim wani babban kifi ya hallaka uwar. A watan Disamba na 2014 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta wallafa binciken Ian Colman da abokan aikinsa, waɗanda suka duba manyan finafinan katun 45 da suka fito daga 1937 zuwa 2013, suka kwatanta su da finafinan manya na shekarun. Sun gano cewa yiwuwar mutuwar wani muhimmin ɗan wasa a katun ta ninka ta finafinan manya sau biyu da rabi, kuma sau da yawa iyayen jarumin ne ke mutuwa. Masu rubuta irin waɗannan labarai suna kawar da iyaye ne don jarumin ya shiga duniya shi kaɗai. Dabara ce mai sayar da fim, amma nauyinta kan ƙaramin mai kallo yake sauka.

Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin. Ta nuna cewa yaran da ba su isa makaranta ba siffa da ƙara ne ke firgita su fiye da ma'anar labari, kuma ce musu "ai ba gaske ba ne" ba ya yi musu magani sosai, don ba su gama rarrabe gaske da ƙage ba. A Ɗan Issa akwai ƙari a kan wannan. Fim ɗin da Turanci ko Faransanci yake zuwa, yaron kuwa Hausa ko Fulatanci yake ji. Barkwanci da lallashin da ke cikin maganganun duk sun wuce shi. Saura haƙoran kura, wutar daji da kiɗa mai razanarwa.

Sannan a tuna inda yaron yake zaune. Shekaru ke nan ƙauyukan gundumar Madarunfa suna fama da 'yan bindigar da ke satar shanu da garkuwa da mutane a bakin iyaka. Yara suna jin hirar manya ko da an ɗauka wasa suke yi. Da yawa kuma ubanninsu suna ci-rani, sai a yi watanni ba a gan su ba. Yaron da yake tambayar uwarsa yaushe Baba zai dawo, shi ne ake ba labarin uban da aka kashe ya kalla shi kaɗai da daddare. Idan ya farka yana kuka ko ya koma fitsarin kwance, ba lalle ne a tuna da wayar ba.

Akwai kuma batun lokaci. A watan Afrilu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Fim ɗin 2019 shi kaɗai ya kusa cinye kason kwana biyu. A 2011 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia ta gwada yara 60 'yan shekara 4. Waɗanda suka kalli katun mai saurin sauya hoto na minti 9 kacal sun fi kasa natsuwa da haƙuri a gwajin da aka yi musu nan take, idan aka kwatanta da waɗanda suka yi zane ko suka kalli shiri mai tafiya a hankali. Binciken bai auna abin da zai faru bayan shekaru ba, amma duk uwar da ta taɓa ƙwace waya daga hannun yaro ta san yadda gidan yake komawa.

Wani zai ce ai tatsuniyoyin Hausa ma cike suke da Dodo mai haɗiye mutane da kura mai cin 'ya'yan wasu, kuma da su aka tashi. Gaskiya ne. Sai dai mai ba da tatsuniya kaka ce ko uwa ko ya, yaron yana jingine da jikinta. Tana ganin fuskarsa. Idan ya tsorata sai ta sassauta murya, ta rage wa Dodon girma, ta kawo wautar Gizo a yi dariya. Da harshen yaron take magana, kuma Dodon da zai zana a ransa bai wuce iya abin da ransa zai ɗauka ba. Da an ce ƙurunƙus, kowa ya san an dawo gida. Waya ba ta ganin fuskar kowa, kuma da wannan fim ya ƙare wani zai hau.

Wani kuma zai ce uwar da ke da daka da ɗiban ruwa da ƙullin sana'a, ga goyo a baya, ina ta ga lokacin zama kallon katun? Wannan uzuri ne na gaske, kuma ba daidai ba ne a ɗora mata laifin. Shi ya sa aikin ya fi kama wanda ya cika wayar, wato matashin da ke birni ko ƙasar waje, wanda ya san Turanci ko Faransanci, kuma yake da intanet ɗin da zai duba abin da yake turawa.

Zaɓi kuwa akwai. Shirin Akili and Me na ƙungiyar Ubongo ta Tanzaniya don 'yan ƙasa da shekarun makaranta aka tsara shi, da dabbobinsa da ƙirgensa, gajere ne, kuma an mayar da shi Hausa. Kirikou et les bêtes sauvages na 2005 an kasa shi labarai huɗu, ana iya kallon ɗaya a tashi, ko da yake shi ma akwai kura a ciki, yana son babba a kusa. Nijar kanta tana da tarihi a wannan fage. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa kuma ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka. A 1966 ya yi Bon voyage Sim da kwaɗi, daga baya ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya. Ya kamata matasan Maraɗi da Kano masu zane a kwamfuta su ɗora daga inda ya tsaya: Gizo da Ƙoƙi, da Hausa, minti 5 zuwa 10.

Kafin a kai can, abu uku sun isa. Wanda zai tura fim ya fara kallonsa har ƙarshe. Ya ware wa ƙananan yara wurinsu dabam a cikin wayar, kada a cakuɗa shi da na yayyensu. In kuma an ga lalle sai ƙaramin ya kalli fim ɗin zaki saboda yayyensa suna kallo, to a yi da rana, babba yana zaune, a tsallake wurin mutuwar Mufasa, a kashe idan ya fara maƙalewa a jikin mutum.

Uban da ke nesa kuma yana da abin da Disney ba ta da shi. Saƙon murya na minti 5 a WhatsApp, da tatsuniyar Gizo guda ɗaya a cikin muryarsa, ya ishi ɗan shekara 4 ya yi ta saurara har barci ya ɗauke shi. Fim ɗin zaki ba inda za shi, yana nan yana jiran yaron ya cika shekara 7.