Wane Ne Gwanin Gwanayen Jifa A Wasan Kurket?

An yi masu jifa da yawa a wasan kurket, amma gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce ta wanda ya fi kowa a cikinsu. Ta sake tashi a watan Yuli na 2024, sa'ad da James Anderson na Ingila ya yi ban kwana da wasa a filin Lord's da ke Landan, bayan ya fitar da masu duka 704. Mutanen Ingila suka ce nasu ne gwani, na Ostireliya suka ce Shane Warne ne, na Siri Lanka kuwa suka ce ai magana ta ƙare tun ranar da Muttiah Muralitharan ya cika 800. Dama kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ake aunawa. A kurket kowane ɓangare mutum 11 ne. Mai jifa yakan jefo ƙwallo daga nisan yadi 22, yana nufin wasu sanduna uku da aka kafa, shi kuwa mai duka yana tsaye gabansu da faffaɗan katako yana tsare su, yana kuma neman maki. A babban wasa na ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Tes, akan kwashe har kwana biyar, kuma galibi ba a cin wasan sai an fitar da mutum goma na abokan karawa har sau biyu. Watau komi yawan makin da masu duka suka tara, masu jifa su ne ke kawo nasara gida.

To, masu cewa a ƙidaya kawai a ba wanda ya fi yawa, hujjarsu mai sauƙi ce, amma ba ta isa ba. Manomin da ya tara dami dubu, akan tambayi faɗin gonarsa, da irin ƙasarta, da daminar da ya samu, kafin a ce ya fi maƙwabcinsa. Anderson ya yi wasa 188 kafin ya kai 704, Warne ya yi 145 ya sami 708, Muralitharan ya yi 133. A zamanin da kuwa ba a yin wasanni da yawa haka. Sydney Barnes na Ingila, daga 1901 zuwa 1914, wasa 27 kaɗai ya samu, amma ya fitar da mutum 189, watau bakwai a kowane wasa. Jimla tana nuna daɗewa da ƙoshin lafiya, waɗanda abin yabo ne, amma ba ita kaɗai ce gwaninta ba.

Ma'auni na biyu shi ne farashi, watau maki nawa mai jifa yake bayarwa kafin ya fitar da mutum ɗaya. A nan Barnes ya tsere wa sauran da 16.43, sai dai da ƙasashe biyu kaɗai ya kara, Ostireliya da Afirka ta Kudu, kuma a zamanin da ba a rufe fili in ruwa ya sauko, abin da ke sa ƙwallo ta yi ta gardama da mai duka. A cikin waɗanda suka zo bayansa, Muralitharan yana da 22.72, Warne 25.41, Glenn McGrath na Ostireliya 21.64, Malcolm Marshall na tsibirin Barbados kuwa 20.94.

Ma'auni na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abin da mutum ya yi a inda ƙasa ba ta taimakonsa. Warne ya rayar da jifan murɗe bayan an ɗauka ya mutu, kuma ƙwallon da ya fitar da Mike Gatting da ita a Manchester a 1993 har gobe ana labarinta. Amma a Indiya, inda yara ke tasowa da sanin irin wannan jifa, kowane mutum ɗaya ya tsaya masa a kan maki fiye da 40. Muralitharan a Ostireliya farashinsa ya haura 70, kuma 176 daga cikin 800 nasa na Zimbabuwe ne da Bangaladash, waɗanda ba su yi ƙarfi ba a lokacin. Dennis Lillee, da ya razana Ingila shekara da shekaru, ya je Pakistan a 1980 ya yi wasa uku, ya komo da mutum uku.

A nan ne Marshall ya yi fice. An haife shi a 1958, ya yi wa ƙungiyar West Indies, watau gamayyar ƙasashen Karibiyan, wasa 81 daga 1978 zuwa 1991, ya fitar da mutum 376. Ba dogo ba ne kamar abokansa, amma yana da sauri, yana karkata ƙwallo ciki da waje a iska, in fili ya mutu kuma ya rage gudu ya koma dabara. A 1983 ya je Indiya, inda ƙasa ke kashe kaifin masu jifan sauri, ya fitar da 33 cikin wasa shida. A 1988 ya fitar da 35 a Ingila. Bugu da ƙari, ba shi kaɗai yake cin kasuwa ba. Ya yi zamani da Andy Roberts da Michael Holding da Joel Garner, daga baya da Courtney Walsh da Curtly Ambrose, kowannensu yana jiran rabonsa daga cikin mutum ashirin ɗin nan. Muralitharan kuwa, ban da Chaminda Vaas, kusan shi kaɗai ke ɗauke da kayan ƙasarsa, saboda haka aikin ya yi masa yawa, rabon ma ya yi masa yawa.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 1984, a filin Headingley na birnin Leeds, ƙwallo ta karya wa Marshall babban yatsan hagu tun ranar farko. Duk da haka ya fito ya riƙe katako da hannu ɗaya, don abokinsa Larry Gomes ya samu ya cika maki 100, sa'an nan ya koma jifa da ɗaurin karaya a hannu, ya fitar da mutum bakwai a kan maki 53. A wannan shekara West Indies ta ci Ingila wasa biyar cikin biyar, kuma daga 1980 har zuwa 1995 ba wanda ya ci ta a jerin wasannin Tes. Ga jikokin bayin da aka kai noman rake, cin tsohon ubangida a wasansa, a kuma gidansa, ba ƙaramin al'amari ba ne.

Gaskiya dai ba za a ɓoye hujjar masu suka ba. Sun ce zamanin Marshall ya taimake shi, domin hular kwano ba ta daɗe da shigowa ba, kuma sai a 1991 aka ƙayyade yawan jifan da ke tasowa zuwa kan mutum. Wannan haka yake. Amma sauran masu jifan sauri na zamaninsa duk wannan dama suka samu, irin su Richard Hadlee da Imran Khan da Kapil Dev, ba kuwa wanda farashinsa ya kai nasa sauƙi. Haka kuma ba daidai ba ne a rage wa Muralitharan daraja saboda zargin da alƙalin wasa Darrell Hair ya yi wa hannunsa a Melbourne a 1995, domin binciken masana ya nuna da lanƙwasar gwiwar hannu aka haife shi, kuma ya ci gaba da wasa bisa doka har 2010. Fifita Marshall ba ya bukatar a ɓata kowa.

Abin da wannan gardama ke koyarwa ya wuce filin wasa. Zamani ya zo da son babban adadi, kuma yaron da ya buɗe wayarsa ya ga jerin sunaye, ba zai tarar da Marshall cikin goman farko ba, sai ya ɗauka ba kowa ba ne. Marshall ya rasu a 1999 yana da shekara 41, ba shi nan balle ya kare kansa. Haƙƙinsa ne a kan marubuta wasanni su riƙa faɗin inda aka yi aikin, da wanda aka yi da shi, ba yawansa kaɗai ba.

Ƙofa dai ba ta rufu ba. A watan Disamba na 2024 Jasprit Bumrah na Indiya ya cika mutum 200 a kan farashin da bai kai 20 ba, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Amma ba a yi wa mai noma hisabi sai kaka ta yi. Kafin ranar nan ta zo, in an haɗa ma'aunan nan uku aka auna tsakani da Allah, kambun gwanin gwanayen jifa na Malcolm Marshall ne.