Kama Mashaya Ba Ya Wadatarwa, A Ware Kuɗin Magani



Babu gidan da bai san ɓarnar tiramol da kodin ba. Muna ganinta a tasha, a kara, da wurin yaranmu 'yan acaɓa da masu dako, waɗanda suka fara sha don su jure wahalar aiki har abin ya zame musu jaraba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol da kodin suke sha. Shiyyar da abin ya fi ƙamari ita ce Kudu maso Yamma. Ke nan cutar ta haɗa ɗan ƙasa da baƙo.

A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, hukumar NDLEA kuma tana ta kame. Mun yaba. Amma yaron da jikinsa ya saba, idan an rufe shago ɗaya sai ya nemi wani. Likita yake bukata, da mai ba shi shawara, da sana'ar da zai koma bayan ya warke. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya irin na Aro a Abeokuta da na Yaba a Legas suna wannan aiki, sai dai kuɗin jinyar makonni ya fi ƙarfin talaka. Shi ya sa wasu iyaye ke kai 'ya'yansu gidan mari, inda ake ɗaure su da sarƙa.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohin da muke zaune su sa kuɗin wannan aiki a kasafin kowace shekara: faɗakarwa cikin harsunan mazauna jiha har da Hausa, sashen jinya a manyan asibitocin jiha, da koyar da sana'a. Kada kuma a tambayi majinyaci takardar shaidar asali. Muna biyan haraji da kuɗin kasuwa a nan, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa.

Mu ma da namu aikin. Mu daina ɓoye yaro don kunya. Takardar koke tana ajin yaƙi da jahilci na dare; kowane maigida ya zo ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a.

Sakataren Ƙungiya