AJIYAR KUƊI KO MAI TSAYAWA: WANNE YA FI GA MAI NEMAN BELI?

Da wuya a sami malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma a ƙasar Kafin Hausa wanda bai taɓa jin sallama a ƙofar gidansa bayan magariba ba, ya fito ya tarar da wani dattijo yana cewa, "Malam, an kama yaro, alƙali kuwa ya ce sai an kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa." Mai albashi shi ne inuwar danginsa tun zamanin En'e, saboda haka shi ake fara tunawa. To, tun da yake a kanmu wannan kaya yake sauka, lalle ya kamata mu san nauyinsa kafin mu miƙa kai.

Beli alkawari ne, watau a bar wanda ake tuhuma ya koma gida bisa sharaɗin zai zo kotu duk ranar da aka neme shi. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ɗauki mutum marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Belin da ake bayarwa a ofishin 'yan sanda kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Duk da haka wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, kuma akwai a cikinsu waɗanda aka ba belin amma suka kasa cika sharaɗi.

Lamuni tsohon abu ne a wurinmu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Haɗeja suka yi aiki da su sun kasa shi gida uku: lamunin dukiya, lamunin kawo mutum da kansa, da lamunin neman sa idan ya ɓace. A 1960 Jihar Arewa ta soma aiki da dokar Final Kot tare da dokar tsarin shari'ar laifuka. Daga baya kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma ƙarƙashin gwamnatocin jihohi. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuka, jihohi kuma, har da Jigawa, suka yi nasu a kan wannan zubi. Hanyoyi uku ne yanzu a gaban mai neman beli.

Ta farko ita ce ajiyar kuɗi. Sashe na 165 na dokar 2015 ya ba kotu ikon ta ce a ajiye kuɗi kafin a saki mutum, ya hana tsauwala sharaɗi, ya kuma ce a mayar da kuɗin idan an gama shari'a. Amfaninta a fili yake: kuɗinka na nan, ba ka kuwa ɗora wa kowa wahala ba. Aibinta shi ne manomin Bulangu ko Sarawa ba ya ajiye kuɗi a aljihu. Sai ya sayar da sa ko ya jinginar da gona, shari'a kuwa tana iya shekara biyu, ranar da aka mayar masa da kuɗin ba za su sayi irin san da ya sayar ba.

Ta biyu ita ce mai tsayawa na dangi ko abota. Shi ba ya ba da kuɗi a ranar, hannu kawai yake sa wa a takarda. A nan ne malamai da yawa suke ruɗuwa, suna tsammanin sa hannu shaida ce kurum. Bashi ne ya ɗaukar wa kansa. Idan wanda ake tuhuma ya gudu, kotu za ta nemi adadin da aka rubuta daga wurinsa, in ya kasa biya a sayar da kayansa, in ba su isa ba ana iya ɗaure shi har wata shida.

Ta uku ita ce ɗan beli na haya. A Amurka wannan sana'a ce babba: kamfani yana tsaya wa mutum, yana karɓar ladan da galibi kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin belin, ladan kuwa ba ya dawowa ko da an wanke mutumin. Ƙasashe kaɗan ne suka yarda da ita. A Ingila laifi ne a yi wa mai tsayawa alkawarin biyan asararsa, domin sun ce wanda ba ya tsoron asara ba zai sa ido a kan wanda ya tsaya wa ba. Jihar Ilinoyi ta Amurka ma ta soke belin kuɗi gaba ɗaya a 2023. A Nijeriya Jihar Legas ce ta fara shigar da 'yan beli cikin dokarta, sa'an nan sashe na 187 na dokar 2015 ya ba Babban Joji ikon yi musu rajista da ba su lasin. Waɗannan daban suke da mutanen da kan yi shawagi a bakin kotuna da takardun aro, suna tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba.

Mu yi lissafi irin na aji huɗu. A ce an yanke beli naira 200,000. Mai ajiya ya rabu da 200,000 na wani lokaci, sa'an nan su dawo. Mai ɗaukar ɗan haya a kan kashi 10 ya rabu da 20,000 har abada. Ga mai hali ajiya ta fi araha. Ga marar hali kuwa 20,000 ta fi zaman wata shida a tsare, ga gona ba shuka, ga yara an cire su daga makaranta. Sai dai a tuna malaman Malikiyya sun hana karɓar lada a kan lamuni, domin suna ɗaukarsa aikin taimako ne don Allah. Wannan zai sa sana'ar ta yi wuyar karɓuwa a ƙasarmu.

Ra'ayinmu shi ne, mai tsayawa na gari, wanda ya san yaron ya san ubansa, shi ya fi dacewa da ƙauyukanmu, muddin kotuna ba su ƙuntata ba. Dagewa kan sai babban ma'aikaci ita ce ke buɗe wa 'yan haya kasuwa, gama manyan ma'aikata nawa ne a wajen Dutse? A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta cire sharaɗin kawo ma'aikaci mai mataki na 16 daga belin Kanar Sambo Dasuki. Idan an ga wannan sharaɗi ya yi nauyi a Abuja, ina ga talakan karkara? Dagaci, limami, ɗan kasuwa sananne, duk sun isa. Har mace ma, gama sashe na 167 ya hana a ƙi ta don kawai ita mace ce.

Ga malamai da akawuna, shawararmu huɗu ce. Kada ka tsaya wa wanda ba ka san makwancinsa ba. Ka karanta adadin da ke cikin takardar, ka auna shi da albashinka, kafin ka sa hannu. Idan kuɗi aka ajiye, a biya ta hannun magatakardar kotu a karɓi rasit, a adana shi kamar takardar gona. Idan kuma ka ga alamar mutumin zai gudu, kana da ikon ka je kotu ka nemi a sauke maka lamunin tun kafin ya ɓace.

Taimakon ɗan'uwa wajibi ne, amma a yi shi da ido a buɗe. Allah ya kiyashe mu da tsayawar da-na-sani, amin.