Starmer da Badenoch: faɗa a majalisa, baki ɗaya a kan baƙo

Duk ranar Laraba da tsakar rana, idan majalisar dokokin Birtaniya tana zama, Firaminista Keir Starmer da jagorar 'yan adawa Kemi Badenoch kan tsaya gaba da gaba suna musayar zafafan kalamai, magoya bayansu na ihu. Wanda ya kalli wannan zai ɗauka babu abin da ya haɗa su. Ni kuwa ina ganin a kan abin da ya fi shafar talakan duniya, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ƙanƙanta ƙwarai.

A harkokin cikin gida bambancin na gaske ne. Starmer lauya ne, ya riƙe muƙamin babban mai gabatar da ƙara na gwamnati daga 2008 zuwa 2013. Jam'iyyarsa ta Labour ta ci kujeru sama da 400 cikin 650 a zaɓen 4 ga Yuli 2024, amma da kusan kashi 34 cikin 100 kacal na ƙuri'u, wato haushin Conservative ne ya kawo shi fiye da ƙaunar da ake masa. Kasafin kuɗinsa na farko ya ƙara harajin kusan fam biliyan 40, mafi yawansa a kan masu ɗaukar ma'aikata, domin a gyara asibitoci da makarantu. Badenoch, wadda ta karɓi ragamar Conservative a Nuwamba 2024 bayan jam'iyyar ta faɗo zuwa kujeru 121, tana son a rage haraji, gwamnati ta janye hannu daga kasuwa, a kuma yi watsi da alƙawarin kawar da hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2050. A nan ra'ayina ya fi karkata ga Starmer, ko da yake na ji takaici lokacin da ya yanke wa tsofaffi kusan miliyan 10 tallafin ɗumama gida a lokacin hunturu, har sai da surutu ya yi yawa ya ja da baya.

Da an zo kan baƙi kuwa, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Gaskiya ne Starmer ya soke shirin kai masu neman mafaka Ruwanda, shirin da Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa doka a 2023, wanda kuma gwamnatinsa ta ce ya lashe fam miliyan 700 alhali mutum huɗu kaɗai suka tafi, su ma da son ransu. Ya cancanci yabo a kan wannan. Sai dai bai soke dokar tsohon Firaminista Rishi Sunak ta Janairu 2024 ba, wadda ta hana mafi yawan ɗalibai zuwa da iyalansu, dokar da ta raba magidanta 'yan Najeriya da dama da matansu da 'ya'yansu. A Mayu 2025 ma ya ƙara nasa: a daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, kuma mai neman izinin zama na dindindin ya jira shekara 10 maimakon 5. Badenoch ta ce duk wannan bai isa ba, har ta yi alƙawarin fitar da Birtaniya daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Dukansu biyu Nigel Farage suke waiwaya. Jam'iyyarsa ta Reform kujeru 5 kawai ta samu a zaɓen 2024, amma mutum sama da miliyan 4 suka zaɓe ta, kuma tsoron waɗannan ƙuri'u ne ke tsara wa manyan jam'iyyun biyu manufa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tallafin raya ƙasashe. Conservative ce ta fara rage shi daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, Labour ta yi ta suka tana adawa. Bayan ta hau mulki, sai a Fabrairu 2025 Starmer ya sake zaftare shi zuwa 0.3 domin a ƙara wa soja kuɗi, har ministarsa Anneliese Dodds ta ajiye aiki. Badenoch ba ta ƙi ba. Wannan kuɗi shi ne allurar rigakafi da abincin yara masu tamowa a Sudan da Yemen da arewa maso gabashin Najeriya. Waɗannan yara ba su da ƙuri'a a Landan, shi ya sa aka fara da su.

A harkokin waje, a kan Falasɗinu ne kawai na ga rabuwar hanya. Starmer ya fara da mummunar ƙafa a Oktoba 2023, da ya yi furucin da aka fahimta a matsayin goyon bayan yanke wa Gaza ruwa da lantarki. Musulmin Birtaniya ba su manta ba, 'yan takara huɗu masu zaman kansu suka ƙwace kujerun Labour a zaɓen 2024 a kan batun Gaza. Daga baya ya dakatar da lasisin sayar wa Isra'ila da makamai 30 cikin kusan 350, sannan a 21 ga Satumba 2025 Birtaniya ta amince da ƙasar Falasɗinu. Ya makara, bai kuma wadatar ba, amma Badenoch ko wannan ba ta yarda da shi ba, ta kira shi tukuici ga ta'addanci.

Akwai masu murna cewa Badenoch, 'yar da ta girma a Legas, ta zama baƙar fata ta farko da ta jagoranci babbar jam'iyya a Birtaniya. A Disamba 2024 ita da bakinta ta ce Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Najeriya, ta kuma ambace su tare da Boko Haram, alhali su ne suka fi kowa binne gawa saboda wannan masifa. Launin fatarta bai sa ta sassauta wa baƙo ba.

Da a ce ina da ƙuri'a, tsakanin su biyun Starmer zan ba, ba don ya burge ni ba, sai don har yanzu yana jin kunyar doka. Amma kai mai shirin sayar da fili ko gona domin neman biza, ka karanta sababbin ƙa'idojin da kyau kafin ka karɓi kuɗin, domin duk wanda ya ci zaɓe na gaba a cikinsu, ƙofar ƙara tsukewa za ta yi.