Shayin tsami ba ya sauya launin fata, mu daina yaudarar ƴaƴanmu

A makon jiya ɗiyata mai shekara 15 ta roƙe ni jika biyu. Na tambaye ta na mene ne, ta ce za ta sayi kwalbar wani shayi da ake tsimawa, wai shi kombuca. Uwar ƙawarta ce ke haɗa shi a gida da iri da aka kawo mata daga Yamai. Ta miƙo mini waya, na saurari muryar wata mata a WhatsApp tana rantsuwa cewa duk wadda ta sha kwalba uku, ƙurajen fuskarta za su baje, tabo ya ɓace, fata ta yi haske "daga ciki, ba tare da shafe-shafe ba". Ɗiyata ta ce: "Mama, ai wannan ba bilicin ba ne, sha ake yi." Da na bi sawun saƙon, sai na tarar wata abokiyar aikina ce ta tura shi zauren iyayen yara, malama kamar ni, wadda muka zauna benci ɗaya da ita a makarantar horon malamai. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Ana dafa ganyen shayi, a zuba sukari mai yawa, a bar shi ya huce, sannan a jefa wani faifai mai santsi kamar tsokar da ta jiƙa. Wannan faifan tarin ƙwayoyin bakteriya ne da yis. Yis ɗin yana cin sukari ya mayar da shi barasa da iska, bakteriyar kuma ta mayar da barasar ruwan tsami irin na binega. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai a tace a ɗura. An daɗe ana shan sa a arewa maso gabashin Sin da Rasha, daga baya ƴan kasuwar Amurka suka sa shi a kwalba mai kyau suka ɗora masa farashi. Shayi, sukari, tsami, da ragowar barasa: abin da ke ciki ke nan.

Ba na cikin masu cewa duk abin da ya zo daga waje guba ne. Ganyen shayi yana da sinadarai masu amfani, kuma abincin da aka tsima yana taimakon hanji. A 2021 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun bi mutum 36 har mako goma, suka ga waɗanda suka yawaita cin tsimammen abinci, irin su yogot da tsimammen kabeji da shi wannan shayin, ƙwayoyin hanjinsu masu amfani sun ƙaru iri-iri, alamun kumburi a jininsu kuma sun ragu. Na yarda da wannan. Amma fa binciken hanji da jini ya duba. Bai ce fuskar kowa ta yi fari ba. Kafin nan, a 2019, wasu masana biyu na jami'ar Missouri sun tattara rubuce-rubucen kimiyya sama da 300 a kan kombuca, suka tarar guda ɗaya tak ne aka gwada a jikin mutane, shi ma ba a kwatanta masu sha da marasa sha ba. Sauran gwaje-gwajen a jikin dabbobi ne ko cikin kwalaben ɗakin gwaji. A 2023 an yi wani ɗan gwaji a jami'ar Georgetown da masu ciwon sukari 12, shi kuma sukarin jini ya auna. To wa ya gwada shi a fuskar yarinya ƴar Damagaram har ya ga haske? Mai muryar WhatsApp cinikin biri a sama take yi da mu.

Launin fata kuwa duk wanda ya koyar da darasin jikin ɗan Adam ya san daga ina yake. Akwai wani sinadari mai suna melanin da fata ke ƙerawa da kanta, yawansa gado ne daga uwa da uba, aikinsa kare mu daga zafin rana. A garin da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, baƙar fata laima ce da aka haife mu da ita. Babu shayin da ke canza gado. In kuwa wata ta sha wani ruwa ta ga ta fara fari, to ta tsorata, don wani abu aka zuba a ciki wanda ba a faɗa mata ba. Ƙurajen balaga su ma suna da dalilinsu: idan yaro ya fara girma, jikinsa yana ƙara fitar da maiƙo, ƙofofin fata su toshe, ƙuraje su fito. Yawanci suna lafawa da shekaru. Waɗanda suka yi tsanani akwai maganinsu a asibiti.

Masu tallar suna cewa ko bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa. Wannan ma ba haka ba ne. A watan Afrilun 1995, a jihar Iowa ta Amurka, mata biyu da suka yi kusan wata biyu suna shan wanda aka haɗa a gida kullum sun kwanta asibiti jininsu ya yi tsami ƙwarai, ɗaya ta rasu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ba ta yanke cewa shayin kaɗai ne sanadi ba, don mutane sama da 100 sun sha daga iri ɗaya ba abin da ya same su, amma ta ja kunnen jama'a. A 1998 likitoci a Ostireliya sun ba da rahoton wani miji da mata da gubar dalma ta shiga jininsu bayan wata shida suna tsima shayin a tukunyar ƙasa mai fenti, tsamin ya narkar da dalmar da ke jikin fentin. Yanzu ku dubi namu halin. Wannan shayin yana son ɗumi matsakaici, ƙasa da digiri 30. A ɗakin kwano na Sabon Gari ko Garin Malam lokacin bazara, wa ke auna zafinsa? A me ake tsima shi: tukunyar alminiyon da aka narka daga tsofaffin ƙarafa, ko jarkar da ta taɓa ɗaukar mai? Da wane ruwa? Mai haɗawa ba ta da ma'aunin tsami, ba ta da ma'aunin barasa. A Amurka doka ta ce wanda ake sayarwa a matsayin lemo kada barasarsa ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, na gida kuwa yakan wuce haka. Hukuncin shan sa na bar wa malaman addini, amma haƙƙin uwa ne a gaya mata kafin ta miƙa wa ɗiyarta. Ga kuma haƙora, waɗanda tsami da sukari ke zaizaye su a hankali.

Duk da haka, shayin bai dame ni kamar alkawarin da aka naɗe shi a ciki ba. Kalmar "haske" ita ce ƙugiyar. Shekara 20 ina aji, na ga yadda abin ke tafiya. Yarinya za ta bar hannuna a aji shida da fatarta sumul, in gamu da ita bayan shekara huɗu a Kasuwar Dole fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore a fili. Mayukan da suke shafawa suna ɗauke da haidrokwinon, ko kotizon mai ƙarfi, ko zaiba. Kotizon yana sirantar da fata har ta riƙa tsagewa, yana jawo hawan jini da ciwon sukari, ciwo kuma ya ƙi warkewa. Zaiba tana lalata ƙoda, tana ratsawa har jikin jaririn da ke ciki. Saboda haka ne yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijar ke ciki, ta hana zaiba a kayan kwalliya, Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana da Ruwanda suka bi baya. Yarinyar da aka koya wa yau cewa launinta matsala ce da kwalba za ta warware, idan ta sha kwalba uku ba ta ga komai ba, ba za ta ce an cuce ta ba. Za ta ce maganin ne bai yi ƙarfi ba, ta nemi wanda ya fi shi. Daga shayi sai mai, daga mai sai allura. Mai sayar da shayin ta share wa mai sayar da man hanya, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Kuma mu manya muke share fagen. Mu ne ke cewa "amaryar fara ce tas" kamar mun faɗi digirinta. Mu ne ke kiran ɗiya "baƙa" idan ta ɓata mana rai. Na taɓa jin wani malami a tsakar lakkol yana tsokanar wata ɗaliba cewa da dare sai haƙoranta ake gani, yara suka kwashe da dariya, shi ma yana dariya. Wannan yarinyar ba ta buƙatar mai talla ya sha wahala a kanta, malaminta ya riga ya gama aikin.

In da gaske lafiyar fatar yaranmu muke so, mu duba abin da ke gabanmu a aji. Makero ne a kawunan yara maza, ƙazuwa a tsakanin yatsu, kaushi da faso lokacin hunturu, leɓe a fashe. Makeron ka sai an sha magani na makonni kafin ya mutu, kuma man kotizon da ake saya a teburin bakin titi ƙara yaɗa shi yake yi. Ƙazuwa sai an yi wa duk ƴan gida magani tare, an wanke tufafi da shimfiɗa. Duk wannan ruwa yake so, ruwa kuwa shi ne tsohon ciwon garin nan. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926, kuma har yau daga rijiyoyin nesa irin na Gogo da Arunguza ake jawo mana shi, unguwanni da yawa suna jiran ƴan ga-ruwa. Jika biyun nan, in aka sayi ruwa da sabulu da man kaɗe da ita, fatar gida guda za ta shaida.

Akwai kuma ƙarancin jini, wanda ke damun kusan rabin matan ƙasar nan da ke shekarun haihuwa. Yarinyar da ta fara al'ada tana zubar da jini kowane wata, in ba ta samun ƙarfen jini a abinci sai ta yi fayau, ta riƙa gyangyaɗi a aji, gashi ya karye, farce ya yi laushi. Abin takaici, wasu wannan fayau ɗin suke kira haske. Shayi kuwa, tsimamme ko na gargajiya, yana da sinadarin tanin, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jeme fata da ita. Tanin yana kama ƙarfen da ke cikin wake da gero da ganye ya hana hanji tsotse shi, har yakan rage fiye da rabi idan an sha shayin a kan abinci. Ƴan'uwa malamai, ku gwada wannan a gaban ɗalibai: ku daka ƙwayar ƙarin jini guda, irin wadda ake ba masu ciki a asibiti, ku zuba a kofin shayi mai kauri. Nan take zai koma baƙi kamar tawada. Na yi wa ƴan ajina, kuma tun ranar ba wanda ya manta darasin. Ban ce a daina shayi ba, na san fada ba ta zama sai da butar shayi a kan gawayi. A dai ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci, musamman ga ƴan mata da masu ciki.

In tsimammen abinci ake nema, tun kaka da kakanni muke da shi. Nonon da ake dama fura da shi, kindirmo, daddawar da ke miyarmu, ƙullun koko da ya kwana, duk aikin ƙananan ƙwayoyin nan ne. Kindirmo mai tsabta da aka tafasa madararsa kafin a tsima ya fi kwalbar kombuca gina jiki nesa ba kusa ba, don yana da furotin da sinadarin ƙashi, abin da shayi ba shi da shi ko kaɗan. A haɗa da kwaɗon zogale, wake, ƙwai, ɗan hanta in hali ya yi, da tumatir da karas da lemun tsami na lambunan Mirya, da mangwaro in lokacinsa ya zo. Mun raina su ne kawai don ba su zo da sunan waje da hoton farar mace a jiki ba.

Ga roƙona. Iyaye, duk wadda ta kawo muku abin sha ko na shafawa da sunan gyaran fata, ku tambaye ta abin da ke ciki, a me ta haɗa, wa ya gwada. In ta ce sirri ne, ku riƙe kuɗinku. In ƙuraje sun dami yaro, a kai shi wurin likita. Malamai, kada mu tura saƙon da ba za mu iya tsayawa gaban allo mu kare shi ba, don iyaye suna gaskata abin da ya fito daga wayar mushe ko madam fiye da na kowa. Mu kai maganar bilicin taron COGES da na ƙungiyar iyaye mata, mu gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa ɗalibai bayani, mu kuma hana tsokanar launi a lakkol kamar yadda muke hana zagin uwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abokiyar aikina na same ta mun yi magana, ta goge saƙon, ko da yake ya riga ya zaga.

Ɗiyata ban ba ta jika biyun ba. Na kai ta asibiti, aka rubuta mata wani ɗan mai na ƙuraje da sabulu marar ƙamshi, aka ce ta daina matsa su da farce, ta yi haƙuri wata biyu. A hanyar dawowa ta tambaye ni ko ni ma na yi ƙuraje ina yarinya. Na ce mata har sun fi nata, kuma da wannan baƙar fatar babanta ya gan ni ya yi ta sintiri ƙofar gidanmu shekara guda. Ta yi dariya, muka tsaya muka sayi kindirmo.